Gidan kakanmu: mu rushe ko mu gyara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Gidanmu na gado yana unguwar Yakasai a Kano, kakanmu ne ya gina shi tun kafin 1960, ginin ƙasa ne da rufin azara, zaure biyu da tsakar gida. Ni da iyalina za mu koma ciki, yayyena sun ce in rushe kawai in sa bulo, ni kuma wallahi raina bai so, ga maiɗakina tana son bayi a cikin ɗaki da kicin na zamani. Ya zan yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kafin ka sayi ko buhun siminti ɗaya ku zauna da sauran magada a rubuta komai gaban shaidu, kar ka zuba kuɗinka gobe a ce gidan na kowa ne.

Toh ni dai ban goyi bayan rushewa ba, sai in magini ya duba ya ce bangon ya mutu. Ginin ƙasa ruwa ne ke kashe shi, ka leƙa gidan tarihi na Gidan Makama ka gani, kulawa ce ta riƙe shi. Ka fara da indararo da gindin katanga, sannan ka hau tsani ka soka ƙusa a kan azara daidai inda ta shiga bango, in ta nutse kamar a biredi to wannan ta ruɓe, a canza ta.

Inda mutane suke kuskure shi ne filastan siminti kai tsaye a kan jar ƙasa, ba sa kama juna, danshi ya maƙale a baya, in ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ganga, wata damina sai ya ɓallo gaba ɗaya ya taho da rabin bangon. Ka nemo tsohon magini wanda ya san yaɓe da makuba (wadda ake yi da ɓawon ɗorawa), har yanzu akwai su a cikin gari.

Bayi da kicin kuwa hajiya tana da gaskiya. A gina su da bulo a gefe da nasu fandishon, fayif kar ya bi ta jikin bangon ƙasa, sokawe kuma a nisanta shi da rijiya. Tsohon wayarin a cire shi duka.

Don Allah kar ka rufe tsakar gida da kwano don neman falo, zafin Afrilu in an ɗauke wuta nan ne mafakarku. Zaure ma ka bar ko guda, saboda baƙi da zaman gaisuwa.

In za ka ƙara sabon gini ka nemi izinin KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, aikin kuma ka bari sai ruwa ya ɗauke, wajen Nuwamba.