Ziyarar tsibirin Alkataras don ganin tsuntsayen teku

Ga mai tambayar wane lokaci ya fi dacewa a ziyarci Alkataras, tsibirin da ke kusa da birnin San Faransisko a Amurka: tsakanin Afrilu da Yuli, lokacin da tsuntsaye ke ƙyanƙyasa. Sai dai daga Fabrairu zuwa Satumba ana rufe wasu hanyoyin tsibirin, domin uwa in ta firgita ta tashi, wasu tsuntsayen kan fasa ƙwan. Don haka ka riƙe tabarau mai jawo nesa.

Akwai tsohon kurkuku a tsibirin, wanda aka rufe tun 1963. Jirgin ruwa na tashi daga tasha ta 33 a San Faransisko, tafiyar kamar minti 15. Sayi tikiti makonni kafin ranar, don da bazara ƙarewa yake yi. Daga bakin ruwa zuwa ɗakunan fursunoni hawa ne na wajen mita 400, ga iska mai sanyi, sai ka sa rigar sanyi. Abinci kuwa a bakin tashar jirgi ta tsibirin kawai ake ci.