Kan maganar yawun majinyata da ka tambaye ni

Ɗana, na ga saƙonka, Allah ya yi maka albarka. Ka ce a makarantarku ta KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha da ke Kumasi, kuna haɗa wata 'yar na'ura da za a ɗiga mata yawun mara lafiya ta nuna ko ruwan jikinsa ya ragu, ba sai an ɗebi jini ba, kuma kana so ka ji ko mutanenmu na zango za su yarda su bayar ko al'ada ta hana.

Al'ada ba ta hana ba, sai dai ka iya roƙo. Mu ba mu ɗauki yawu a ƙazanta kawai ba, da shi ake tofi, yaro na zazzaɓi malam ya karanta Fatiha ya tofa masa a ka ko a ruwa, kai ma an yi maka. Toh abin da ake sa albarka da shi, shi ne kuma ake tsoron wani ya samu ya yi sammu da shi, kamar gashi da farce. Shi ya sa za ka ga tsohuwa a unguwar Aboabo in ta tofar sai ta sa ƙafa ta rufe da ƙasa. Dan Allah kar ka ce mata jahilci ne, wlh ta juya maka baya shi ke nan. Ka fara gaisuwa, ka yi bayani da Hausa, sannan abin da aka ɗiba da shi a zubar a gaban idonta, kar ta ga an rufe a kwalba an rubuta sunanta an tafi da shi. Mace ta karɓi na mace, kuma ba a gaban suruki ko 'ya'ya ba, da kunya. Kafin komai ku je wajen liman da sarkin zango tukuna.

Azumi kuwa ba matsala, tofar da yawu ba ya karya shi, haɗiyewa ma haka. Amma ku riƙa tambaya ko mutum ya ci goro ko yanzu ya sha ruwa, don in jiki ya bushe yawu raguwa yake ya yi kauri, wanda ya kurɓi ruwa yanzun nan kuwa bakinsa zai ruɗe ku.

Abin da ya fi damuna yara ne. Jariri na gudawa, madigarsa ta faɗa, ido ya zurma, yana kuka ba hawaye, fitsari ya ɗauke, ka ja fatar cikinsa ta ƙi komawa da wuri, sai mata su ce ciwon madiga ne su kwaɓa magani su shafa masa a ka, alhali ruwa ne ya ƙare a jikinsa. Ruwan gishiri da sukari yake buƙata, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi nono, a ruga asibiti. Kwalarar da aka yi a Accra a 2014 ma rashin ruwan ne ya riƙa kashe mutane. In na'urarku za ta sa uwa ta gani da idonta ta yarda, ni da kaina zan kai ku gida gida.

Sai dai ka tambayi malamanku, yaron da bakinsa ya bushe ƙamas, ina za ku samo yawun? Ka zo ranar Juma'a bayan masallaci ka nuna mini ita.