Amsa ga Malam kan man Kurdawa da rigimar albashi

Assalamu alaikum 'yan gurup, barkanmu da dare. Malam na saurari muryar da ka turo, kana tambaya wai ya aka yi Kurdawan Iraƙi ga su da man fetur amma kullum sai ka ji ma'aikatansu na kukan albashi. To bari in ɗan yi bayani, ku yi haƙuri in ta yi tsawo.

Su Kurdawa dai ba Larabawa ba ne ba kuma Turkawa ba, yarensu daban, yawancinsu Musulmi ne, Salahuddin Ayyubi ma da muke ji a tarihi Bakurde ne. Sun haura miliyan 30 amma an yayyanka su gida huɗu, Turkiyya, Iraƙi, Iran da Siriya. A 1920 an ɗan lasa musu zuma a baki cewa za su iya samun ƙasa, 1923 aka sake zama aka zana taswira babu su babu dalilinsu. Na Iraƙi su ne suka fi samun sararawa, bayan baƙar wahalar da suka sha a hannun Saddam, ka tuna Halabja a 1988 inda aka zuba musu iska mai guba mutum wajen 5,000 suka mutu. Tsarin mulkin 2005 ya amince da yankinsu, suna da majalisa, da gwamnati a Erbil, da sojojinsu da ake ce wa Peshmarga.

To ga inda gizo ke saƙar, ba su da teku. Mai kuwa in ba ka kai shi bakin ruwa an loda a jirgi ba, to baƙin ruwa ne kawai kake ajiye. 'Yan uwanmu na Nijar da ke cikin gurup ɗin nan sun fi kowa gane wannan, ai sun ga yadda aka yi da bututun Agadem da Benin a 2024. Su Kurdawa a 2007 suka yi tasu dokar mai, suka dinga sa hannu da kamfanonin waje ba tare da sun ce wa Bagadaza ci kanki ba, a 2014 suka fara tura mai ta bututu zuwa tashar Jeyhan a Turkiyya suna sayarwa da kansu. Bagadaza ta ce au haka ne, ta datse musu kason kasafi, wanda da kashi 17 cikin ɗari ne, daga nan fa albashi ya fara tangal-tangal, ga yaƙin ISIS, ga farashin mai ya faɗi, abin goma da ashirin.

A Satumbar 2017 suka yi ƙuri'ar raba gardama, sama da kashi 90 suka ce a ɓalle. Wallahi ko wata ba a rufa ba sojan Iraƙi suka karɓe Kirkuk, garin da ke da manyan rijiyoyin mai, Amurka da suka yi yaƙin ISIS kafaɗa da kafaɗa tana kallo ta naɗe hannu. Turkiyyar da ke cin riba da mansu ita ce ma ta fi kowa kumfar baki, don tana tsoron nata Kurdawan su ma su ce haka. Shi ya sa suke da wata magana, wai ba su da aboki sai duwatsu.

Sai kuma babban naushin, Maris 2023. Dama Iraƙi ta daɗe da kai ƙarar Turkiyya kotun sasanci a Faris, sai a lokacin kotu ta ce Turkiyya ta saɓa yarjejeniyar bututu ta 1973 da ta bar Kurdawa suna tura mai ba da yardar Bagadaza ba, ta biya kusan dala biliyan 1.5. Turkiyya kawai ta murɗe famfo. Ganga wajen 450,000 a rana ta tsaya cak, shekara biyu da rabi Malam, sai ƙarshen Satumbar 2025 aka sake buɗewa, kuma yanzu man sai ya bi ta hannun SOMO, kamfanin gwamnatin tarayya, ma'ana dai abin da suka yi ta gudu tun farko shi suka dawo suka rungume.

Amma fa kar mu ɗora wa Bagadaza da Ankara komai, ni a ganina su ma shugabanninsu da nasu laifin. Gida biyu ne ke juya yankin, gidan Barzani da jam'iyyar KDP a Erbil da Duhok, gidan Talabani da PUK a Sulaimaniyya, har yaƙi sun gwabza tsakanin 1994 da 1998, kuma har yau kowa da nasa dakarun. Shugaban yankin Nechirvan Barzani, firaminista Masrur Barzani, ɗan baffansa ne, ka ji fa. KDP ta fi jingina da Turkiyya, PUK ta fi kusa da Iran, to ta ina za a yi magana da murya ɗaya? Malamin makaranta a Sulaimaniyya shi ke kwana a ciki, wata ya mutu babu alat, mai janareton unguwa yana ƙofar gida yana jiran kuɗinsa, shi ya sa kake ganin suna ta yajin aiki.

Wutar ma ba ta tsira ba. Akwai filin gas na Khor Mor da kamfanin Dana Gas na Daular Larabawa ke aiki a ciki, shi ke ba da kaso mafi tsoka na lantarkin yankin, an sha kai masa hari da jirgi marar matuƙi, a Afrilun 2024 ma ma'aikata huɗu 'yan Yaman suka rasu, kuma da an taɓa shi sai ka ga garuruwa sun faɗa duhu.

Na Siriya da rijiyoyinsu labarinsu daban ne, in Allah ya kai mu gobe na turo. Cajina ya yi ja, sai da safe.