Siminti gari ne, kankare tuwo

Jiya muna wanke shebur ka ce mini, "Oga, takardar injiniya wani layi ta ce cement, wani layi ta ce concrete, ba duk abu ɗaya ba ne?" Gajiya ta hana ni ba ka amsa. To ɗana, ba ɗaya ba ne, kuma a bakinmu ma mun raba su: cement shi muka mayar siminti, concrete kuwa kankare.

Ka tuna gari da tuwo. Siminti shi ne garin nan mai ruwan toka da ke zuwa a buhu mai kilo 50, na Dangote daga Obajana, ko na Ashaka, ko na Sakkwato. Dutsen farar ƙasa ake ƙonawa da yumɓu a wuta mai zafin digiri wajen 1450, a niƙa. Sunan Portland da kake gani jikin buhu, wani magini ɗan Ingila, Joseph Aspdin, ya raɗa shi a 1824. Shi ma ɗan'uwanmu ne, mai jera bulo.

Kankare sai an kwaɓa: siminti, yashi, tsakuwa, ruwa. In ka ga an rubuta 1:2:4, ana nufin kashi ɗaya na siminti, biyu na yashi, huɗu na tsakuwa. A lissafinmu buhu ɗaya kwanon sarki biyu ne, ka ga ke nan buhu guda zai ci yashi kwano huɗu, tsakuwa takwas. In babu tsakuwa, ba kankare ba ne. Kwaɓin jera bulo ne ko na filasta, shi Bature mortar yake ce masa. Kada ka kuskura ka zuba irin wannan a ginshiƙi ko linta.

Ga inda rikicin yake cin kuɗi. Siminti da buhu ake ƙirga shi, kankare da kubik mita. Akwai wani mai gida da ya ga an rubuta concrete 10, ya je ya sayo buhu goma yana murna abin ya yi araha. Alhali kubik mita ɗaya a haɗin 1:2:4 yana cin buhu shida da 'yan kai. Da na ce masa saura buhu hamsin da wani abu, sai da ya cire hula ya goge gumi.

Sannan ka daina cewa kankare ya "bushe". Kamawa yake yi, kuma da ruwa yake kamawa. Shi ya sa nake tashinka da asuba ka yi wa dekin ban ruwa har kwana bakwai, balle yanzu da hunturu ke tsotse danshi ya bar tsaga. Ƙarfinsa na gaske a kwana 28 ake auna shi.

Gobe ka zo da takardar, mu bi ta layi-layi kafin motar tsakuwa ta iso.