Injin boksina ya buga ana gab da kakar riɗi: in gyara, in sauya, ko in sayar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayen riɗi da dawa a ƙauyukan kudancin Gadarif, a ƙasar Sudan, ina kawowa kasuwar amfanin gona. Ina da tsohuwar Hilux mai injin dizal 3L, irin wadda muke kira boksi. Makon jiya tana ɗauke da kaya injin ya tsaya cak a hanya, ko an murɗa makulli sai dai a ji ƙas. Direba ya rantse bai ga wata alama ba. Bakanike ɗaya ya ce a yi wa injin umra, wato gyaran gaba ɗaya, wani ya ce in sayi tsohon inji in ɗora, dillali kuma ya ce in sayar da ita yadda take. Kuɗin da ke hannuna na sayen riɗi ne, ga kaka ta zo. Me ke sa inji ya buga haka kwatsam, kuma wanne zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Kada ka fitar da ko fam ɗaya na kuɗin Sudan tukuna. Mutum uku sun faɗa maka abin da za ka saya, amma a wasiƙarka ban ga wanda ya faɗa maka abin da ya kashe injin ba.

Da farko ma a tabbatar ya buga ɗin. Wannan ƙas da kake ji, batir da ya mutu ko kik da ya maƙale duk suna yin sa. A cire fanbel, a kwance hitocin injin, wato masu ɗumama silinda kafin a tayar, a sa sifana a kan fulin karanshaf, wato babbar sandar da fistin ke juyawa, a gwada juyawa da hannu. Idan ya juya, ka yi hamdala, injin bai kame ba. Idan ruwa ya feso daga ramukan hita, ruwa ne ya shiga silinda. Idan ya ƙi motsi sam, a zubo baƙin man a cikin roba mai tsabta, kana tsaye. Ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki na nufin metal, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa, ya cinye. In kuma ya yi fari kamar an zuba madara, ruwa ne ya haɗu da mai. Aikin awa biyu ne, kuma kusan rabin amsarka na cikinsa.

Abin da ya fi kashe irin wannan inji shi ne rashin baƙin mai, ko rashin ƙarfin tura shi. Karanshaf ba ya taɓa metal ɗinsa, a kan ɗan siririn mai yake yawo. Da zarar man ya yanke, ƙarfe ya goga ƙarfe, cikin mintoci kaɗan sai su narke su manne. Man na iya tsiyayewa ta sil da ya tsufa, ko dutse ya fasa kaskon ƙasa a hanyar ƙauye, ko tsohon ringi ya riƙa ƙone shi ba wanda ya duba sandar auna mai. Wani lokaci man na nan a cike amma ba shi da amfani: nozul mai yoyo ya tsinka shi da dizal, ko ƙura ta mayar da shi laka ta toshe ragar fanfo, ko kuma tun asali jabu ne aka ɗura a galan mai kyau. Wannan na ƙarshe ka tambayi kanka, wa ke sayo maka mai, kuma a hannun wa?

Sai zafi. A kaka, ƙaiƙayi da ƙura na toshe fuskar lagireto, ga kaya sun wuce kima, ga rana. Fistin ya kumbura a cikin silinda ya kame. Ruwan rijiya mai kanwa da muke zubawa shi ma yana toshe lagireton ta ciki a hankali. Ruwa kuwa, ka ce a ƙauyukan kudu kake aiki: idan an tsallaka rafi da ragowar ruwan damina inji ya shaƙa, fistin ba ya iya matse ruwa, sai kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, ya lanƙwashe nan take. Akwai kuma bel ɗin taimin, mai daidaita motsin bawul da na fistin. Injinan 2L, 3L da 5L duk da bel suke aiki, ana sauya shi a kilomita 100,000, kuma in ya tsinke fistin na dukan bawul. A tsohuwar mota da mitarta ta daina ƙirge tun tuni, wa ya san lokacin da aka sauya shi?

Waɗannan biyun, ruwa da bel, su ne suka fi zuwa ba sallama. Sauran galibi sai sun yi gargaɗi: jar fitilar mai, allurar zafi, ƙwanƙwasa, hayaƙi. Ban ce direbanka ya yi ƙarya ba. Boksi nawa ne a Gadarif fitilar mansu ta ƙone shekara da shekaru? In haka ne, ba laifinsa ba ne, naka ne, Alhaji. Ka tambaye shi cikin lalama, kada ka fara da zancen cire masa albashi, don wanda ke tsoro ba zai gaya maka cewa tun safe allura take sama ba.

Yanzu maganar kuɗi. Umra, wato a kwance injin gaba ɗaya a sake shi, sunanta daɗin ji, amma farashinta ba a saninsa sai an buɗe. Kuɗin da bakanike ya faɗa maka yau na ringi da metal da gaskit ne. In aka tarar karanshaf ya ƙone fiye da yadda za a iya fere shi, ko kan silinda ya tsage, lissafi ya tashi, kuma a lokacin injinka na warwatse a ƙasa, ba ka da bakin ciniki. Ko an yi aikin da kyau, sabon gyara na son wajen kilomita dubu na tafiya a hankali ba kaya masu nauyi. A tsakiyar kaka, wa zai yi wannan haƙurin?

Tsohon inji ya fi sauri, kwana biyu ko uku mota ta tashi. Haɗarinsa shi ne ba ka san tarihinsa ba. In za ka saya, a tayar da shi a gabanka, a auna ƙarfin matsi da na mai, a rubuta maka kwanakin da za ka iya mayarwa da shaidu, lambar injin kuma ta shiga takardun mota. Kafin a ɗora shi a sa sabon bel ɗin taimin, a wanke lagireto, a gyara fitilar mai da allurar zafi. In ba haka ba, abin da ya ci na farko yana nan yana jiran na biyu.

Shawarar dillali ita ce mafi rauni. Motar da ba ta tashi farashin gawa ake yi mata, alhali shasi da giya da bodin Hilux suna da daraja sosai. Shi zai ɗora mata inji ya sayar, ribar da ka bar masa ke nan.

Ni dai a ganina kada ka taɓa jarin riɗi. Kakar gajera ce, kuma a cikinta kuɗinka ke juyawa sau da yawa. In ka binne shi a inji, za ka samu mota ba abin ɗauka. Ka ɗauki hayar boksi ko ka haɗa lodi da wani a babbar mota na makonnin farko. Ka raba kuɗin hayar a kan buhunan da take ɗauka, ka cire daga ribar buhu. In akwai saura, ci gaba da aiki. Amma kada ka tara kuɗin injin a fam. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 darajarsa ke zubewa, kayan gyara kuwa ta Fot Sudan suke shigowa, da dala ake lissafinsu. Ka ware buhunan riɗi daga kowane zuwa, ka ce waɗannan na inji ne, da sun kai ka sayar ka biya a ranar.

In binciken ya nuna bel ne ya tsinke, ƙasan injin lafiya, to gyaran kan silinda kaɗai zai wadatar, wannan kam ka yi shi yanzu. In metal ne ya narke, tsohon inji bayan juyi uku ko huɗu na riɗi. Naka da ya buga kuma kada ka bar shi a gareji: fanfon dizal, nozul, kik da dainamo duk kuɗi ne, ka sa a ƙirga su a cikin cinikin.