Kada rigar nan ta kwana a hannun dillaliya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Hajiya, ya sa Aljanna ce makoma. Kin ce kin tarar da riga mai tambarin Saint Laurent Rive Gauche, wani shahararren gidan ɗinkin Faransa, a adakarta, wata dillaliya na so ta tafi da ita ta nuna wa mai saye, kina kuma tambaya ko ki wanke ta tukuna. Don Allah kada ki ba ta, kada kuma ruwa ya taɓa ta.

Irin wagga magana aka yi mana. Tamu Christian Dior ce, shi ma gidan ɗinkin Faransa, Baba ya kawo wa Inna daga Landan da ya je kwas a shekarun 1970, siliki kore mai nauyi, sai biki na musamman take sa ta. Dillaliyar da ta ɗauka bayan rasuwar Inna ba baƙuwa ba ce. A gidanmu take cin tuwo, Yaya take ce wa Inna, ranar rasuwa ta fi mu kuka. Bayan sadakar arba'in ta zo ta ce tsohon yayi ne, ba mai sawa a Sakkwato, amma za ta gwada mana. Ta dawo da kuɗin da ba su kai turmin atamfa ba, ta ce mai sayen ta wuce Kano. Daga baya ɗiyar yayata ta ga rigar a Instagram, wani shafi na Legas, an sa farashi da dala. Har ɗan ɗinkin da Inna ta yi da hannunta a hammata yana nan. Na kira dillaliyar jikina na rawa, ta ce wai ciniki ya riga ya faɗa. Har yau muna haɗuwa wajen suna, ta miƙo mini hannu kamar ba komai. Ƙanwata kuwa ta daɗe tana zargin da ni aka haɗa baki, wannan ya fi rigar yi mini ciwo.

Shi ya sa nake tambaya: an raba gado? In ba a raba ba, rigar ta magada ce duka, ki sanar da kowa tun yanzu.

Rive Gauche a 1966 aka fara shi a Faris, kayan da ake ɗinkawa a sayar a kanti ne, ba ɗinkin mutum guda ba, amma masu tarawa na neman na 1970 zuwa 1980 sosai. Ki ɗauki hoton tambarin, da zif, da ɗinkin ciki. Ki duba shafukan saye da sayarwa na intanet, eBay da Vestiaire Collective, ki kula da abin da aka saya a kai, ba abin da mai kaya ya yanka ba. In akwai hoton Hajiya sanye da ita, ki adana shi tare.

Kada tela ya rage ta, yanke tambari ko canza zif na karya darajarta. Ki fitar da ita daga leda, zafinmu na Afrilu ya wuce digiri 40, siliki ba ya jurewa. Ki naɗe ta a farin ƙyallen auduga, kafur a gefe kada ya taɓa ta, ki riƙa dubawa saboda asu da gara. Af, in akwai tsofaffin atamfofin Holan a adakar, ki duba bakinsu ko akwai sunan Vlisco, su ma dillalai na farautarsu.

Turo hoton tambarin nan guruf mu gani kafin ki ba matar amsa.