Ku Tambayi Anti: ɗiyar yayata da aikin sito a Amurka

Salam Anti, daga Tawa nike rubuto miki. Ɗiyar yayata can Amurka aka haife ta, tana aiki a wani babban sito na magunguna a Memfis, ita ke lissafin kaya da kula da firigon allurar rigakafi kada sanyi ya fita daga digiri 2 zuwa 8, shekara shida kenan amma wallahi duk sabon da ta koya ma aiki sai ya zama shef ɗinta, har wani ya ce mata kitsonta bai dace da ofis ba. Uwatta ta ce ta yi haƙuri kawai. Wai Amurka ma haka ake?

Amsa: Ƙanwata haka ake fa, kuma ba yau aka fara ba. Wasu mata baƙaƙen fata sun kai kamfanin motoci na General Motors kotu, a 1976 alƙali ya ce ko su yi ƙarar launin fata ko ta zamansu mata, ba a haɗa biyun, alhali a haɗen abin ke cin su. Irin wannan shari'a ce ta sa farfesa Kimbali Kiransho ta yi rubutu a 1989 kan yadda wariya biyu ke taruwa kan mace guda.

Harkar da take ciki kuwa ba ƙarama ba ce, kamfanonin McKesson da Cardinal Health da Cencora su uku ke raba kusan duk maganin ƙasar. Ƙofar shiga sito a buɗe take, hawa sama ne aiki. Ana hawa dai, Rozalin Buruwa baƙar mace ce ta shugabanci kamfanin shagunan magani na Walgreens daga 2021 zuwa 2023, amma irinta a yatsa ake ƙirga su.

Haƙuri na da kyau, ni dai ban ga ya taɓa ba wani girma a ofis ba. Ta samu kaye tana rubutawa, ranar kaza wane ya ce kaza gaban su wane, duk gurbin da aka buɗe ta nema a rubuce ta aje kwafi a gida ba cikin kwamfutar aiki ba. Dokar 1964 ta hana wariyar launi da jinsi wajen aiki, hukumar EEOC mai yaƙi da wariya wajen aiki ke karɓar koke, sai dai akwai wa'adi, kwana 180 ne, wasu jihohi 300, kada ta tsaya sanya.

Maganar kitso kuma, Kalifoniya ta fara dokar CROWN, mai hana wariya kan gashi da kitso, a 2019, jiharsu Tenesi ta bi sahu a 2022. Ki ce mata kada ta tsefe ko ɗaya.